Mai Guga da Muryar Ƙanwarta

Mahaifiyata ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki a ɗakin wanki na wani babban asibiti, shi ya sa har yau a unguwarmu Mai Guga kawai ake ce mata. Ɗakin yana can bayan asibitin, kusa da inda ake ƙona shara. Taga biyu gare shi, duk a sama, kuma tururi ba ya rabuwa da shi. Injin wanki uku ne, ɗaya kullum a lalace. Ita tata kusurwar dogon tebur ne da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga mai nauyi wanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Zannuwan gado, fararen rigunan likitoci, korayen kayan ɗakin tiyata, duk ta hannunta suke bi. Ko ido rufe, in ta shinshina zani za ta faɗa maka daga wane ɗaki ya fito.

Doguwar mace ce, mai faɗin tafin hannu, ba ta da yawan magana. Mutane sun san ta da riƙon amana da rashin fashin zuwa coci. Abin da ba su sani ba, sai mu na cikin gida, shi ne tun tana shekara goma sha huɗu take fama da kishin ƙanwarta.

Su biyu iyayensu suka haifa. Uwarsu ta rasu Mama tana da shekara goma sha biyu, ƙanwar tana da bakwai. Ubansu direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba. Mama ta bar makaranta ta zama uwa. Ita ce mai dafawa, ita ce mai wanki, ita ce mai kai yarinya makaranta ta ɗauko ta. In suna wanki a tsakar gida sai ta riƙa yin waƙoƙin coci, ƙanwar tana amshi. Duk waƙar da ƙanwar nan, wadda muke kira Inna, ta fara sani a duniya, daga bakin Mama ta ɗauke ta.

Wata Lahadi aka ce yara su fito gaba su yi waƙa. Ana cikin yi sauran suka manta baiti, suka yi tsit, sai muryar Inna ta ci gaba ita kaɗai. Mama ta ce ko tari ba wanda ya yi har ta dire. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, “Wannan ai kanari ce!” Sunan ya bi ta ke nan, har yanzu da take da jikoki Kanari ake ce mata.

Na girma har na yi aure kafin Mama ta ba ni ragowar labarin. Muna ninke kaya ne a ɗakinta, ba ta ma dube ni ba.

“Rigar da ke jikinta ran nan ni na wanke, ni na goge,” ta ce. “Waƙar ma ni na koya mata. Ina zaune a baya na ji wani abu mai zafi ya taso min daga ciki ya tsaya a wuya. Da muka koma gida na zaunar da ita zan mata kitso. Na ja gashin nan, na ja, tana kuka tana cewa Yaya da zafi, ni kuwa ina ƙara ja. Kafin ranar nan ban san akwai mugun abu a cikina ba. Na ɗauka mugaye wasu mutane ne daban.”

Inna Kanari ta gama makaranta ta zama malama, ta auri mai shagon magani. Mama ta auri Babanmu, mai gyaran babur, mutum mai barkwanci wanda ba ya ɗaukar komai da zafi. Gidajen ba su da nisa, kuma a ido ba 'yan'uwan da suka fi su shiri. Inna ba ta yanke shawara sai da Yaya. In ta yi rashin lafiya Mama ce a kanta. Amma ranar da Inna ta sa sabon labule a falonta, Mama ta murza yadin da yatsa biyu ta ce, “Yana da kyau. Sai dai irin wannan ba ya jure wanki.” Da ɗan Inna ya ci jarrabawa, ta yi masa addu'a mai tsawo, a hanyar gida kuma ta ce min jarrabawar bana an ce da sauƙi.

Baba yakan ce mata, “Ke fa in Kanari ta yi atishawa, sai kin ce taki ta fi ƙara.”

“Kai dai ka ji da baburanka,” take ce masa.

Dukansu biyu suna cikin ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Inna a gaba, a tsakiya. Mama a layin baya, cikin masu kaurin murya, kusa da fanka. Tana da baiwar haɗa kalmomi, takan ƙirƙiro gajerun amshi a bakin aikinta ta kawo, a karɓa, a yi ta rerawa shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina suka fito.

Shekarar da na haifi ɗana na fari aka kawo mana sabon fasto. Ya ɗauki makonni yana wa'azi a kan makokin mutanen dā, yadda suka yi kuka a gaban Allah saboda lalacewar zuciyar ɗan Adam. Wata Lahadi ya karanta labarin 'yan'uwa biyu na farko a duniya, wanda aka karɓi baikonsa da wanda ba a karɓa ba, da abin da babban ya yi wa ƙaramin a jeji. Na lura Mama ta sandare a kujera. Da muka dawo gida tana cire takalmi ta ce, kamar da kanta take magana, “Shi ma wancan ɗin ai gumi ya yi a gonar.”

Baba ya zaro ido. “Mai Guga, mai kisan kai kike kare wa?”

“Ban kare shi ba. Na ce dai ya yi gumi.”

Fasto ya roƙi mawaƙa su kawo sabuwar waƙar tuba da za a rufe wa'azin da ita. Mama ta yi mako uku ba ta cin abincin kirki. Abokan aikinta suka ce tana guga bakinta yana motsi, wani lokaci ta tsaya da dutsen a sama tana kallon bango. Karatunta bai yi nisa ba, don haka ni ta kira na rubuta mata a bayan wata tsohuwar takardar magani. Ga yadda ta fara:

Ina yarinyar da nake a dā,
Wadda in an ba wani takan yi murna?
Ya Ubangiji, a wace hanya na yar da ita?
Na koma nema, ko sawunta ban gani ba.

Baiti biyar ne, kowanne ya fi na baya ciwo. Ba ta ambaci kowa ba. Ta yi maganar idon da yake ƙirga rabon wani, da bakin da yake sa albarka zuciya tana ƙuna, da yadda dukanmu muka taso da wannan cuta, babba da yaro. Tun ina rubutawa na san da wa take.

Shugaban mawaƙa wani tsohon akawu ne da ake kira Mai Sanda, saboda siririyar sandar da yake kaɗawa in ana waƙa. Ranar gwaji Mama ta miƙe daga layin baya ta rera waƙar da muryarta mai kauri. Da ta gama, Mai Sanda ya cire tabarau ya goge.

“Wa ya yi wannan?”

“Ni.”

“Ke? A bakin dutsen guga?” Ya girgiza kai. “Kai, madalla. Amma kin ga layin nan na uku, so yake a ɗaga shi sama, a riƙe. Kanari, zo ki gwada mu ji.”

Inna ta gwada. Gaskiya dai gaskiya ce, da ta ɗaga layin nan sai da tsigar jikina ta tashi. Mai Sanda ya ce shi ke nan, an samu mai yi. Ya juya ya tambayi Mama ko ba damuwa. Ta ce, “To,” ta koma kusa da fanka.

Ranar Lahadin an sha kuka. Har mahaucin unguwarmu, ƙaton mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba, na gan shi yana goge fuska da hula. Ana tashi mutane suka yi wa Inna zobe a bakin ƙofa. Tana ta cewa, “Ba tawa ba ce, ta Yaya ce, Yaya ce ta yi.” Sai su waiwaya su ce, “Sannu, Mai Guga,” su sake juyawa wurin Inna. Mace ɗaya ce ta tako har inda Mama take tsaye, ta kama hannunta. Ashe tambaya za ta yi, wai me ke fitar da tabon mai daga farin yadi. Mama ta faɗa mata dalla-dalla.

A hanya na ce, “Amma ai Inna ta faɗa musu taki ce.”

“Na ji,” ta ce. “Sunana take ba ni sadaka.”

Wani ya ɗauki waƙar a waya, ta bazu. Bayan wata biyu muka shiga tasi ni da Mama, sai ga ta tana tashi a motar. Direban ya ƙara murya ya ce, “Kun san wannan? Waƙar Kanari. Matar nan ta san ciwon duniya.” Mama ta ce ya tsaya, za ta sauka. Da ƙafa ta ƙarasa gida.

Sai aka gayyaci Inna babban taron mawaƙan coci-coci a wani gari. Ta ɗinka farar riga doguwa mai aiki a ƙirji. Ranar Juma'a da rana ta kawo ta gidanmu, kamar yadda ta saba kawo duk kayan da take ji da su.

“Yaya, ba wanda zai taɓa min wannan sai ke. Zan dawo da yamma.”

Ina zaune a ɗakin ina shayar da yaro. Mama ta shimfiɗa rigar, ta yayyafa ruwa, ta bi hannu, ta bi wuya, ta bi kowane ninki a hankali. Ta yi kyau har tana ɗaukar ido. Sai ta ɗora dutsen a kan ƙirjin rigar, ta ɗauke hannunta, ta juya tana kallon taga.

Na ce, “Mama, yana ƙauri.”

Ta ce, “Na ji.”

Ba ta motsa ba sai da hayaƙi ya fara tashi. Da ta ɗaga, ga siffar dutsen nan baƙi-baƙi a tsakiyar aikin.

Inna ta dawo da yamma da fara'arta. Mama ta miƙa mata rigar ta ce tsautsayi ne. Inna ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce, “Yaya, kusan shekara talatin kina…” sai ta haɗiye sauran. Ta ninke rigar ta sa a jaka. “Ba komai. Ina da shuɗiya.”

Ta je taron da shuɗiyar riga. Waɗanda suka raka ta sun ce ta ambaci Yayarta kafin ta fara. Mama ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta daina zuwa gwajin waƙa, ta ce gwiwa ke damunta. Inna kuma ta koma kai kayanta shagon wanki da guga na bakin titi, kuma wannan ya fi komai cin Mama. In ta ga Inna a coci sai ta bi rigarta da kallo, ta ce min ƙasa-ƙasa, “Dubi wuyan nan. Ko kare ne ya goge sai haka.” Suna gaisawa, suna tambayar yara, iyaka ke nan. Haka aka yi shekara ɗaya da rabi.

Sai maƙoƙo ya fito wa Inna, ya yi ta girma har aka ce sai an yi aiki. A asibitin da Mama take aka yi. Aikin ya yi kyau, amma ta farka da murya a shaƙe. Likita ya ce magana za ta dawo, waƙa kuwa kada a sa rai. Ni na sauka ɗakin wanki na kai wa Mama labari. Tana tsaye cikin tururi tana goge rigar likita. Da na faɗa mata, na ga fuskarta ta washe. Ƙiftawar ido ne kawai, amma na gani, ita ma ta ga na gani.

Ta kashe dutsen. Ta zauna a kan ƙunshin zannuwa masu datti, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Kin gani ko?” ta ce. “'Yar da na goya. An yanka mata wuya, ni kuma… Wace irin mace ce ni?”

Ban taɓa ganin ta tana kuka irin na ranar nan ba. Abokan aikinta suka zo suna ba ta haƙuri, suna cewa ƙanwarta za ta warke, sun ɗauka kukan tausayi ne.

Washegari ta ɗauki hutu. Ita ta yi jinya a asibiti, da aka sallame su ta bi Inna gida. Tana mata wanka, tana ba ta abinci mai ruwa-ruwa da ƙaramin cokali, tana korar masu dubiya in sun cika surutu. Ba su tayar da maganar komai ba sai a kwana na tara. Da rana ne, ina gefe ina yanka lemo.

Mama ta ce, “Rigar nan, da gangan na ƙona ta.”

Inna ta ce da 'yar shaƙaƙƙiyar muryarta, “Na sani.”

“Akwai wani kuma. Ranar da aka ce muryarki ba za ta dawo ba, na ji daɗi. Bai daɗe ba, amma na ji.”

Inna ta nemi ruwa, na ba ta, ta sha da ƙyar. Sannan ta ce, “Wannan kam ban sani ba.” Ta juya fuskarta bango. Mama ta tattara kwanuka ta fita.

Na ɗauka zumunci ya ƙare ke nan. Amma Mama ta dawo da safe kamar kullum, ta dafa ruwan wanka. Tana shafa wa Inna mai a ƙafa, sai Inna ta yafito ta da hannu ta matso, don muryar ba ta kai nisa.

“Yaya, ni ma bari in faɗa miki nawa. In na zo wurin da murya take hawa, ke nake nema. Ko ban waiwaya ba na san kin haɗe rai. Sai in ƙara ja, in ƙara riƙewa. Daɗi nake ji. Tun muna yara.”

Mama ta tsaya da shafar.

“Kuma cewar da nake yi waƙar taki ce,” Inna ta ci gaba, “na lura in na faɗa sai a ce, kai, Kanari akwai tawali'u. Shi ya sa nake yawan faɗa.”

Mama ta ƙura mata ido, ta ƙura mata ido, sannan ta ce, “Ashe ke ma 'yar banza ce.”

Inna ta fashe da dariya ta dafe wuya, tana cewa a bari, ɗinkin zai farke. Mama ma tana dariya tana share hawaye da bayan hannu. Mijin Inna ya leƙo a tsorace, ya ɗauka wani abu ne ya faru.

Maganar Inna ta dawo, ta koma aji tana koyarwa, amma muryar waƙa ta tafi. Ta yi baƙin ciki sosai, ta yi watanni in mawaƙa suka tashi sai ta fita waje. Mama ta yi ritaya bayan shekara biyu. Mai Sanda ya sa aka buga waƙar a takarda da sunanta a sama, ta duba ta ce an rubuta shi da ƙananan haruffa. Ta ƙara yin waƙa biyu bayan wannan, ba su kai ta farkon ba, ita ma ta sani.

Ba zan ce Mama ta warke daga kishin ba. Da aka haifa wa Inna jika na huɗu, Mama tana da uku, ta yi kwana biyu tana faɗa da kowa a gida a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na tambaye ta, “Mama, har yanzu?”

Ta ce, “Har yanzu. Na yi addu'a, na yi azumi, na je wurin fasto, abin nan yana nan. Sai dai yanzu in ya taso, zuwa nake in faɗa mata. Ta zage ni, mu sha shayi.”

Yanzu wata yarinya ce ma'aikaciyar banki take rera waƙar, kuma tana da murya ba laifi. Su biyun suna zama a benci na uku, kafaɗa da kafaɗa, kowace da jakarta a cinya. Lahadin da ta wuce aka yi ta, ina bayansu. Mutane suna ta share ido. Da yarinyar ta dire, Inna ta karkato wurin Mama.

“Ta yi ƙoƙari,” ta ce. “Sai dai numfashinta gajere ne.”

“Kuma ta haɗiye min kalma a baiti na biyu,” in ji Mama.

Ana tashi suka riga kowa zuwa wurinta, suka kama hannunta ɗaya-ɗaya, suka sa mata albarka.